Yadda Ake Buɗe Besin ɗin Banɗaki Idan Ya Toshe

Besin ɗin wanke hannu ba ya toshewa dare ɗaya. Kafin ruwa ya tsaya cik a cikinsa, yakan shafe makonni yana nuna alama, sai dai ba kasafai ake kula ba. Da farko ruwan yakan ɗan yi nawa kafin ya wuce, daga baya a fara jin ƙarar ɓul-ɓul daga ƙarƙashi duk lokacin da aka rufe famfo, sannan a ga wani zoben dauɗa mai ruwan toka yana kwanciya a jikin tangaran, daidai inda ruwa ya saba tsayawa. Ranar da abin zai kai maƙura kuwa, sai mutum ya shiga yin alwala da asuba ya tarar da ruwan jiya yana nan kwance, kumfar man goge baki tana yawo a samansa.

A gidaje da yawa a nan Kano, abin da ake fara yi a irin wannan hali shi ne a aiki yaro kanti ya sayo Hypo ko ruwan wanke masai a tuttula, idan bai yi ba a nemo sodar da masu haɗa sabulu suke amfani da ita. A ganina wannan gaggawa ce da ba ta haifar da ɗa mai ido. Abin da yake toshe besin ɗin banɗaki kusan koyaushe yana nan kusa, bai wuce kamu ɗaya daga bakin ramin ba, kuma abu ne da hannu zai iya kamawa ya fito da shi. Wanda ya fito da shi ya gama aiki. Wanda kuwa ya tura shi gaba da sanda ko da sinadari, ya mayar da matsalar cikin bango ne kawai, inda hannu ba ya kaiwa sai an fasa tayil.

Abin da yake ƙarƙashin besin

Kafin a taɓa komai, ya kamata a durƙusa da tocila ko fitilar waya a dubi ƙarƙashin besin ɗin da kyau. Ruwan da ya bar besin yana bi ta wani gajeren bututu, mai faɗin inci ɗaya da kwata a yawancin gidaje, wato milimita 32, sannan ya shiga wani sashe da masu gyaran famfo suke kira tiraf, kafin ya wuce cikin bango ko ƙarƙashin daɓe. Wani tiraf ɗin kamar kwalba yake, na farar roba ko na ƙarfe mai ƙyalli, gindinsa yana kwancewa kamar murfin filas. Wani kuma bututu ne da aka lanƙwasa kamar harafin U. Akwai kuma wanda ya fi yawa a sababbin gidaje saboda arha da sauƙin ɗaurawa, wato bututun roban nan mai ƙwarya-ƙwarya da yake miƙewa yana tattarewa, wanda 'yan kasuwa suke kira majik.

Amfanin tiraf shi ne ya riƙe ɗan ruwa a cikinsa kullum, zurfin kimanin santimita 5 zuwa 7, kuma wannan ruwan shi ne yake tare iskar ramin sokawe, mai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, tare da kyankyasai da ƙananan ƙwari, don kada su biyo bututu su shigo ɗaki. To, amma inda ruwa yake kwanciya, nan datti ma yake samun masauki.

Gashi shi ne uban tafiya. Wanda ya zube wajen taje kai ko tsefe kitso, da guntayen gemu bayan an rage shi, yakan maƙale a jikin ƙarfen da ya gitta bakin ramin, ya saƙa wata raga a hankali. Sai sabulu ya zo ya sami wurin zama: idan ya haɗu da ruwan da yake ɗauke da sinadarin kalsiyam mai yawa, kamar yadda ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yake, ba ya narkewa duka, yakan bar wani farin ƙullu mai danƙo da yake like wa gashin. Man shafawa irin su basilin da man kaɗanya da man kitso, waɗanda muke lafta wa jiki da hunturu, suna daskarewa da zarar sun taɓa bututu mai sanyi. A kan wannan sai a ƙara zaren asuwaki, da tuƙar goro, da ragowar lalle da dilka idan ana shirin biki a gidan, da ƙurar hunturu da ake wankewa daga fuska da hannu, da yashin da yake biyo ruwa daga gindin tanki.

Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu sosai a wannan gari, wanda ban cika jin ana ambatawa ba, shi ne ƙarancin ruwa. An ƙera wannan bututu ne da tunanin za a riƙa sakar masa ruwa mai yawa lokaci guda, ruwan ya cika cikinsa ya share abin da ya tarar. Amma a gidan da famfo yake shafe kwanaki bai kawo ba, ana sayen jarka mai lita 25 a wurin 'yan garuwa, da buta ake wanke hannu da baki, ana tsiyaya kaɗan-kaɗan. Irin wannan ruwa yana da ƙarfin kai datti cikin tiraf, amma ba shi da ƙarfin fitar da shi. Shi ya sa besin ɗin gidan da ake tattalin ruwa yakan fi saurin toshewa.

A fara tabbatar da inda matsalar take

Minti biyu sun isa wannan binciken, kuma yana hana wahalar banza. A zuba bokitin ruwa a ramin wanka na ƙasa, a kuma kora masai a gani. Idan dukansu suna tafiya lafiya, besin ne kaɗai ya tsaya, to matsalar tana ƙarƙashinsa, aikin mai gida ne. Idan kuwa su ma suna nawa, ko kuma ruwan da aka zuba a besin yana ɓullowa ta ramin ƙasa, to toshewar tana can gaba, a cemba, wato ɗan ramin da bututun gida suke haɗuwa a waje, ko a ramin sokawe, musamman a watan Agusta lokacin da ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi. A gidajen da ruwan wanka yake fita ta rariya zuwa kwatar waje, a zagaya a dubi bakin bututun, domin sau da yawa ledar fiya wata ce ko ƙasar da ruwan sama ya kwaso ta rufe shi, ana can ciki ana ta fama da besin ɗin da ba shi da laifi.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma yawancinsu suna cikin gida: ƙaramin bokiti ko roba mai faɗi da za ta shiga ƙarƙashin besin, safar hannu ta roba, tsohon buroshin haƙori, tsumma biyu ko uku, leda ta zuba datti, omo, da waya mai ɗan ƙarfi kamar ta hangar rataye kaya ko sifok ɗin keke. Filaya tana da amfani wajen lanƙwasa wayar, amma ba don murɗa robar tiraf ba.

Daga sama tukuna

A kwashe ruwan da ya kwanta da kofi, a tsane ragowar da tsumma. Idan bakin ramin yana da murfin nan na ƙarfe da ake dannawa ya rufe a sake dannawa ya buɗe, a murɗa shi hagu, yawancinsu suna fita a hannu, kuma a jikinsa ma za a ga kashin farko na gashin. Idan raga ce mai sukuru a tsakiya, to a yi hattara, domin a wasu besin ɗin wannan sukurun ne yake riƙe da duk bututun da yake ƙasa, idan aka kwance shi gaba ɗaya sai an sake zaunar da komai. Gara a bar shi a yi aiki ta ramukan ragar.

A miƙe wayar, a lanƙwasa bakinta ya zama ɗan ƙugiya da bai fi rabin santimita ba, a zura ta a hankali ana juyawa. Da an ji ta kama wani abu mai taushi, sai a jawo sama sannu-sannu ba tare da fizga ba, domin gashin a haɗe yake, idan aka yi haƙuri yakan biyo kamar igiya, baƙi ƙirin, yana yauƙi yana wari. A sa shi a leda, kada a jefa a masai. A maimaita sau biyar ko shida ta kowane gefe har sai ƙugiyar ta fara fitowa babu komai. Babbar ƙa'idar a nan ita ce jawowa ake yi, ba cusawa ba.

Bayan haka sai ruwan zafi da omo, don ya narkar da maiƙon da ya rage. Amma ba tafasasshe ba. Bututun roba irin na PVC ba a yi shi don ruwan da ya wuce zafin digiri 60 ba, tafasasshen ruwa kuwa yana kusan 100, yana iya sassauta mahaɗa ko ya lanƙwasa siririn bututun majik, wani lokaci ma ya tsaga tangaran idan da sanyin safiya ne. A haɗa rabi tafasasshe rabi na famfo, a kaɗa cokali biyu na omo a ciki, a zuba kamar lita biyu lokaci guda. Idan ruwan ya wuce yana juyawa yana zuƙowa da ƙara, to an yi nasara tun a nan, kuma mafi yawan toshewa a nan take ƙarewa.

Idan har yanzu yana nawa, sai a ɗauko robar nan mai kama da ƙoƙo da aka kafa wa sanda, wadda ake kira falanja. Ya kamata a ware ƙarama ta besin daban da ta masai, dalilin kuwa ba sai an faɗa ba. Kuskuren da mutane da yawa suke yi da ita shi ne mantawa da ɗan ramin da yake can sama a jikin besin, ƙasa da famfo, wanda aka yi don kada ruwa ya ambaliya. Wannan ramin a haɗe yake da bututun ƙasa, saboda haka idan ba a toshe shi ba, duk ƙarfin da aka danna ta nan zai fice, ƙila ma ya feso wa mutum baƙin ruwa a gaban riga. A cusa masa jiƙaƙƙen tsumma, wani ya danne da hannu, a tara ruwa a besin har ya rufe bakin robar, a kifa ta a kan ramin ta zauna daram, sannan a riƙa dannawa ana jawowa kamar sau goma sha biyar a jere. Jawowar ta fi dannawar muhimmanci, domin ita ce take girgiza dattin ta taso da shi sama inda za a iya tsince shi. Kada a yi da ƙarfin tsiya, besin da ƙusoshi biyu kawai aka kafe shi a bango.

Tun da maganar ta zo, ɗora ƙafa a kan besin wajen alwala al'ada ce da ya kamata a bari. Ban da yashin da take zubawa a bututu, tana sassauta besin daga bango, kuma yankan fasasshen tangaran ba ƙaramin rauni ba ne.

Kwance tiraf

Wannan shi ne aikin da mutane suka fi jin tsoro, alhali shi ne mafi tabbas, kuma bai fi na minti ashirin ba. Da farko a ɗauki hoton yadda komai yake da waya, domin lokacin mayarwa ne mutum yake gane bai lura da abin da ya riga wani shiga ba. A rufe famfo, a gaya wa mutanen gida kada wanda ya buɗe, a sa roba a ƙarƙashi, a shimfiɗa tsumma. Idan besin ɗin mai ƙafar tangaran ne wadda ta ɓoye bututun, a fara gwada zura hannu ta baya. Kada a janye ƙafar sai an tabbata besin ɗin yana kafe a bango da kansa, kuma ko da haka wani ya tallafe shi, domin a gidaje da yawa nauyinsa duka a kan ƙafar yake.

Idan mai kwalba ne, a riƙe samansa da hannu ɗaya, a murɗa gindin hagu da ɗaya hannun. Idan ya ƙi, a naɗe shi da busasshen tsumma don hannu ya kama, ko a ɗan zuba masa ruwan ɗumi. Idan mai siffar U ne, zobba biyu ne suke riƙe da shi, a sassauta su duka kafin a zare. Ruwa zai zubo, baƙi mai wari, wannan ba abin damuwa ba ne. Abin da za a kula da shi shi ne washa, wato siririn zoben roba da yake cikin kowace mahaɗa. Yakan faɗa cikin dattin a zubar da shi ba a sani ba, kuma idan babu shi, duk yadda aka ɗaure sai ya yi yoyo.

Karo na farko da na yi wannan aiki, a wani gidan haya ne da muka zauna a Rijiyar Lemo. Da gindin kwalbar ya fita, abin da ya faɗo cikin robar dunƙulen gashi ne kamar jiƙaƙƙen ɓera, a tsakiyarsa akwai murfin man goge baki, da zaren asuwaki cunkus, sai yashi kamar cokali uku ya kwanta a ƙasa. Ina tona yashin da waya sai ga ɗan kunnen azurfa guda ɗaya, wanda uwargida ta shafe wata biyu tana nema har ta haƙura. Murna ta sa na miƙe da robar a hannu, na kuwa juye ruwan dattin a cikin besin ɗin da na kwance wa gindi, ya zubo mini a ƙafa gaba ɗaya. Tun daga ranar, da na kwance tiraf sai in kifa kofi a kan ramin besin don ya tuna mini.

A kai sassan waje a wanke su a bokiti da omo da buroshin haƙori, ciki da bai, har da haƙoran murɗin, domin yashin da ya maƙale a nan yana hana murfi zama daidai. A cikin tiraf mai kwalba akwai wani bututu da ya sauko tsakiya, a goge cikinsa da kewayensa. Sannan a leƙa gajeren bututun da ya sauko daga besin, a tura tsumma ta cikinsa da waya daga sama zuwa ƙasa. Za a ga wani baƙin yauƙi ya like a bangonsa, wannan taron ƙwayoyin cuta ne da suke rayuwa a kan sabulu da maiƙo, kuma shi ne asalin warin da yake tashi daga besin ko da bai toshe ba.

Shi kuwa majik, ra'ayina a kansa a bayyane yake: idan ya toshe ya tsufa, a canza shi kawai. Kowace ƙwarya a jikinsa ma'ajiyar datti ce da buroshi ba ya kaiwa, robarsa kuma takan bushe ta tsage da an miƙe ta. Wanda yake da hali ya sa mai kwalba a madadinsa. Wanda zai mayar da irinsa, to ya lanƙwasa shi ya yi siffar U ya ɗaure da waya don ya riƙe ruwa, domin masu ɗaurawa da yawa suna miƙe shi ne sambal daga besin zuwa bango, shi ya sa za ka ga banɗaki sabo fil amma wari ya hana shiga. Ana samun waɗannan kaya a kasuwar Ƙofar Ruwa, da shagunan kayan gini na Titin Faransa a Sabon Gari, da ƙananan shagunan kayan famfo na unguwanni. A tafi da tsohon a leda a gwada, domin na besin da na wurin wanke-wanken kicin ba faɗinsu ɗaya ba, na kicin inci ɗaya da rabi ne.

Idan aka buɗe tiraf aka tarar da shi babu wani abin kirki a ciki, to toshewar tana cikin bututun bango. A nan ana amfani da doguwar wayar sifirin ta masu famfo: a zura ta ana juyawa dama, idan ta ci karo da gwiwa a ɗan ja baya a sake turawa ana juyawa, idan ta kama datti a jawo a goge a koma. Kada a zura rodi ko sanda, domin suna huda gwiwar bututu a cikin bango, ruwa ya riƙa tsatsafowa ba a sani ba sai fenti ya fara kumbura a ɗakin da yake maƙwabtaka. A sabon gida kuma akwai wani abu da ake yawan tararwa, wato siminti, saboda masu tayil sukan wanke kayan aikinsu a besin, ruwan simintin ya kwanta ya daskare. Wannan babu wayar da za ta fasa shi, babu sinadarin gida da zai narkar da shi, sai dai a canza sashen.

Wajen mayarwa, a tabbata kowace washa ta koma mazauninta ba ta karkace ba, wadda ta bushe ko ta tsage a sa sabuwa. A ɗora murfin a fara juya shi hagu kaɗan har a ji ya faɗa gurbinsa, sannan a ɗaure dama. Idan tun juyi na farko ya yi tauri, to ya hau haƙori a karkace, a kwance a sake, kada a tilasta. Ƙarfin hannu ya isa, filaya fasa roba take yi. Kada kuma a shafa gam ɗin bututu a wannan mahaɗa, domin an yi ta ne don a riƙa kwancewa. Daga nan a goge ko'ina ya bushe, a shimfiɗa takarda a ƙasa, a toshe besin a cika shi, sannan a saki ruwan lokaci guda ana shafa mahaɗan da busasshen yatsa. Ɗigo ɗaya a kan takardar ya isa ya nuna akwai sauran gyara.

Maganar sinadarai

Haɗin bekin soda da khal ya yi suna a intanet, kuma kumfar da yake yi tana da ban sha'awa, amma iska ce kawai take fita yayin da su biyun suke kashe ƙarfin juna, abin da ya rage bai fi ruwan gishiri ba. Ba ya narkar da gashi. Khal shi kaɗai yana da amfani wajen cire farin ɓawon da ruwa yake bari a bakin famfo da ragar besin, idan aka jiƙa tsumma da shi aka naɗe wurin na awa ɗaya. Don rage maiƙo da wari kuwa, kanwarmu ta gida ma tana taimakawa: a jiƙa ta a ruwan zafi, amma a tace kafin a zuba, domin kanwa ba ta rabuwa da yashi. Hypo yana kashe ƙwayoyin cuta yana rage wari, amma ba maganin besin ɗin da ya toshe da yashi da maiƙo ba ne.

Abin da ba a yi ko da wasa shi ne haɗa Hypo ko Jik da ruwan wanke masai, ko da ruwan wanke tayil ɗin nan da ake sayarwa a gora babu suna, ko da khal. Khal da yawancin ruwan wanke masai da na tayil asid ne, idan suka haɗu da bilic, wato Hypo ko Jik, sai su saki iskar kulorin mai guba, wadda take ƙona ido da maƙogwaro da huhu, ga shi banɗakunanmu da yawa tagarsu ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ba sai an haɗa su a kwano ɗaya ba: idan an zuba ɗaya da safe bai wuce ba, aka zuba ɗaya da rana, to sun haɗu a cikin tiraf. Wanda ya ji yaji a ido ko tari ya sarƙe shi, ya fita nan take ya bar ƙofa a buɗe. Ruwan batir ma, da wasu suke ba da shawararsa, ba shi da gurbi a wannan aiki.

Sodar masu haɗa sabulu kuwa, wadda ba ita ce bekin soda ba, gaskiya tana narkar da gashi da maiƙo, amma ita ce ta ƙarshe a layi, kuma sai idan ruwa yana ɗan wucewa. Idan besin ya tsaya cik, zuba ta yana nufin an tara ruwa mai cin fata a wurin da dole wani ya sa hannu daga baya. Wanda ya ga lallai sai ya yi amfani da ita, ya sa safar hannu da tabarau, ya buɗe taga, ya zuba kimanin giram 100 a cikin lita 1 na ruwan sanyi a bokitin roba. Sodar ake zubawa a ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa a kan soda ba, domin haɗuwarsu tana ta da zafi mai tsanani har ta yi tsartuwa, kuma ba a haɗa ta a kwanon alminiyam saboda tana cinsa. A zuba a hankali, a bar ta minti ashirin zuwa talatin, a kora da ruwa mai yawa, kuma kada a sa falanja bayan an zuba. Idan ta fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti ashirin sannan a tafi asibiti. Ragowar kuma kada a ajiye ta a gorar ruwa ko ta lemo, domin narkakkiyar soda kamar ruwan sha take a ido, kuma yara suna sha su ƙone maƙoshi. Idan hakan ta faru, Allah ya kiyaye, ba a sa yaro amai, ba a tsaya ba shi manja, asibiti ake nufa kai tsaye.

Don kada a koma gidan jiya

Sau ɗaya a mako a toshe besin, a cika shi, a saki ruwan lokaci guda. Ba sai an taɓa ruwan jarka ba, ruwan ɗaurayar wanki na ƙarshe ya wadatar, in dai an tace zaren tufafi. A sa 'yar ragar roba ko ta ƙarfe a bakin ramin, a riƙa kaɗe ta a kwandon shara. Mai rage gemu ya shimfiɗa takarda a cikin besin kafin ya fara, mai taje kai ta tattara gashin a leda, ruwan lalle da na dilka da na goge daɓe kuma a zubar da su a waje. Kwance tiraf sau biyu a shekara ya isa, ni nakan yi bayan hunturu ya wuce da kuma kafin damina ta kankama. Ramin ambaliya na sama ma yana tara yauƙi, a riƙa zura masa siririn buroshi ana ɗura ruwan omo mai ɗumi da mazurari.

Banɗakin baƙi da ba a cika shiga ba yana da tasa matsalar daban. A zafin watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ruwan da yake cikin tiraf yakan ƙafe cikin 'yan makonni, sai wari ya cika ɗakin a ɗauka toshewa ce. Kofi biyu na ruwa a besin da ramin ƙasa duk mako sun magance wannan.

Idan an yi duk abin da aka ambata amma besin yana sake toshewa bayan kowane wata ɗaya ko biyu, to mai yiwuwa tun wajen gini ba a ba bututun gangara ba. Ana so ya riƙa sauka kimanin santimita 2 a kowace mita, idan ya kwanta a miƙe ko ya yi ciki a tsakiya, datti zai ci gaba da taruwa komai tsaftar mutanen gidan. Wannan, da danshi a jikin bango, da ruwan da yake dawowa ta ramin ƙasa, aikin mai gyaran famfo ne, kuma ɗan haya ya sanar da mai gida kafin a fasa ko da tayil ɗaya. Idan an kira shi, a gaya masa tun a waya duk abin da aka riga aka zuba. Na taɓa ganin wani dattijon mai gyara ya durƙusa zai kwance tiraf a gidan wani maƙwabcina, sai a lokacin mai gidan ya tuna ya ce an zuba soda daren jiya. Dattijon ya janye hannunsa ya dube shi ya ce, "Haba Alhaji, ai da wannan za ka fara kafin gaisuwa." Ya aiki yaronsa ya ɗauko safar hannu da tabarau a jakar babur, ya sa aka kawo bokiti biyu na ruwa aka ajiye kusa, sannan ya koma ya kama murɗin.